Biro, Fensir da Saniyar Sufeto

Ban taɓa mantawa da wata Talata ba, a shekarata ta biyu ina koyar da Ingilishi a wani koleji a ƙasar Tibiri. Ɗan kwantiragi nake a lokacin. Ga waɗanda ba su sani ba, sufeto yakan zauna bayan aji ya ba malami maki, makin kuma shi ke sa a tsayar da kai ko a sallame ka. Yara suna kirana Mushe Wataƙila ("Mushe" shi ne "Malam" a Faransancin 'yan makarantarmu), don ba na faɗin abu sai na sa masa waigi.

Darasin ranar a kan kalmomi masu kama da juna ne. Na rubuta "pen" da "pencil", na ce duk da kamarsu, bisa abin da na karanta, ba uwarsu ɗaya ba. Ta farko daga kalmar Latin mai nufin gashin tsuntsu ta fito, ta biyu daga wadda ke nufin 'yar wutsiya.

Sai sufeton, wani dattijon Bafulatani, ya ɗaga murya: "Kai bawana! Yaushe Ba'are ya san asalin wani abu? Tare ake sai da su, tare ake ɓatar da su. 'Yan ɗaki ɗaya ne."

Fulani da Arawa taubasai ne, wanda aka tsokana bai rama ba ya zubar da girman gidansu. To amma a rama wa mai riƙe da makinka? Na ce, "Wataƙila, ranka ya daɗe." Daraktan kolejin, Ba'are ɗan'uwana, ya harare ni ta taga kamar na sai da gonar gado.

Sai na ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, Bafulatani da saniya ma tare suke kwana, tare suke tashi. Har yanzu dai ban samu hujjar uwarsu ɗaya ba. Amma ban gama bincike ba."

Yara suka kife kan tebura. Sufeto ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Na ɗauka gawa aka ba aji," in ji shi.

Makin ya fito da kyau. Na koyi cewa a aikinmu, in ka tabbatar da abu, ka faɗe shi, ko ga babba. Sai dai ka fara tambaya ko taubashinka ne.