Maganin Makero Da Na Ba Ƙanwata

A shekarun da nake ba da labarinsu, ni ce wadda matan layinmu a Agege suke kira Nas, alhali ban taɓa shiga makarantar koyon jinya ba. Shekara biyu kawai na yi ina tsaron wani kemis kafin aurena, ina miƙa abin da oga ya ce in miƙa. Na haddace sunayen magunguna da launin kwalayensu, sai na ɗauka wannan shi ne ilimin. Ba na ɓoye muku, ina jin daɗin sunan, kuma ba na son a tambaye ni abu in ce ban sani ba.

Ina da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, tana auren wani mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12. Haihuwarta ta fari ta zo da wahala, sai da aka yi mata aiki. Likita ya gargaɗe su, ita da mijin, cewa kada ta sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu, aka ɗora ta kan ƙwayar tazarar haihuwa. Yarinya ce mai kiyayewa, har ƙararrawa ta sa a waya don kada ta manta. Wata biyar da haihuwa sai makero ya fito mata a wuya da gefen kai, ta shafa mai har ta gaji. Ta zo wurina ta ce tana son komawa asibiti amma tana tunanin bin layi da hawa motar haya ta danfo da goyo. Na ce mata wannan ba abin asibiti ba ne. Na sayo mata wata ƙwaya da ake kira griseofulvin, na zare takardar da ke cikin kwalin na jefa a durowa, na ce ta sha kullum har sati shida. Ban tambaye ta me take sha ba, duk da na sani.

A sati na uku ta gaya mini tana ganin ɗigon jini ba lokacinsa ba. Na ce ragowar aikin da aka yi mata ne, ta kwantar da hankalinta. Makero ya warke, ta yi ta yi mini godiya. Bayan wata biyu aka auna ta aka ce ciki ne.

Mijin ya kasa yarda. Ya ce da gangan ta daina shan ƙwayar don ta ga ƙawayenta suna jera 'ya'ya, ta sa ranta a haɗari, ta kuma yi masa ƙarya. Ta nuna masa katunan ƙwayar duk a ɓare, ya ce ai ana iya ɓarewa a zubar. Ranar da ta zo gidana tana kuka tana rantsuwa, bayan ta tafi wani abu ya sa na buɗe durowar nan. A jikin takardar an rubuta cewa maganin yana iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, kuma ba a ba mai ciki. Na karanta sau uku, na ninke ta, na mayar. Wata shida na yi ina raka ta awo, ina jin mijinta yana yi mata magana sama-sama, mahaifiyarmu ma ta kira daga gida ta yi mata faɗan ganganci, ni kuwa ban ce komai ba.

A wata na takwas na cikin, ɗinkin aikin haihuwar farko ya buɗe. An ceto yaron, lafiyarsa lau, Allah ya tsare shi daga illar maganin. Amma jini ya ƙi tsayawa, dole aka cire mata mahaifa, tana da shekara ashirin da huɗu. Bayan suna na ɗauki takardar na je na same su tare, na faɗi komai. Mijin ya sunkuyar da kai, ya nemi gafararta a gabana. Ita kuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce maganin ta san don taimako na ba ta, wannan ta yafe. Sai ta ce, "Amma Yaya, kina zaune ake ce mini maƙaryaciya."

Muna gaisawa, ina zuwa ganin yaran, amma ta daina gaya mini damuwarta. Wata mai ilimin haɗa magunguna ta bayyana mini daga baya cewa ba kowane maganin makero ko ƙaiƙayi ne yake yin haka ba, shi ya sa ake tambaya kafin a bayar. 'Yan uwana mata, idan kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, ki faɗa wa likita kafin ki haɗa ta da kowane magani, kuma ki karanta takardar cikin kwali. Ke kuma da ake zuwa wurinki neman shawara, ki koyi cewa ban sani ba. Idan har kin riga kin yi kuskure, ki faɗa a ranar da kika gane. Ƙanwata ta yafe mini maganin, shirun ne har yanzu yake tsakaninmu.