Littafin da mahaifin Hajara ya dawo da shi

Na daɗe ina kula da laburaren wata sakandaren 'yan mata a yankin Hunkuyi, amma ranar da mahaifin Hajara ya yi sallama a ƙofar ofishina ba ta taɓa fita daga raina ba.

Ku da kuka kama aikin laburaren nan kwanan nan kun ga ƙananan littattafan nan masu zane da ke kantar ƙasa. Wata 'yar bautar ƙasa ce ta bar mana su da ta gama hidimarta. Labaran zane ne da ake yi wa 'yan mata a ƙasar Japan, aka mayar da su Turanci. Daga dama ake buɗe su kamar littafin Larabci, shi ya sa yaranmu suka saba da su nan da nan.

Hajara 'yar aji biyar ce daga Likoro, tana fama da sikila. Idan ana wasanni a fili, wurina take zuwa ta zauna. Labarin da ya shiga ranta na wata yarinya ne da aka saka a kumbo, wato jirgin zuwa sararin samaniya, da irin hatsi za a kai wata duniyar, saboda ƙasarsu ta daina ba da amfani. Duk mutanen kumbon an sa su dogon barci, ita kaɗai ke farke tana kula da irin. Littafi huɗu muke da su. Da Hajara ta nemi na biyar, na bincika a waya na gano masu fassarar a nan suka tsaya, ragowar da Japananci kawai take. Da na faɗa mata sai ta yi dariya ta ce, "To Malama, sai in koyi Japanancin."

A ƙa'idarmu ba a tafiya hutu da littafin makaranta. Da hutu ya zo, sai na je na roƙa mata na huɗun wurin Firinsifal. Ta ce, "In ya ɓace ke za ki amsa." Na ce na yarda.

Hajara ba ta dawo ba. Ciwon ya tashi ana tsakiyar girbin masara, ta rasu a asibiti.

Bayan an koma makaranta mahaifinta, Malam Idi, ya zo. Muka gaisa, na sake yi masa ta'aziyya. Ya ciro littafin daga leda ya miƙo da hannu biyu, ya ce amanar makaranta ce. Sai kuma ya tsaya bai tafi ba.

Ya ce, "Malama, mahaifiyarta ce ta aiko ni. A asibiti yarinyar ta riƙa ba ta labarin nan da Hausa, tana nuna mata hotunan. Ba su kai ƙarshe ba. Ta ce in tambaye ki, wai yarinyar cikin jirgin ta isa?"

Ba abin da ya kai in ce ta isa sauƙi. Amma ban sani ba. Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Masu mayar da shi Turanci ba su ƙarasa ba."

Ya ce, "Ashe ita ma Hajaran ba ta ji ƙarshen ba."

Na ce ba ta ji ba.

Ya ce, "To, haka zan faɗa mata. Allah ya saka da alheri." Ya sa takalmansa ya tafi. Ni kuwa na rufe ƙofa na zauna na yi kukan da ban yi ba a gidan makoki.

A wajen horo an koya mana cewa aikinmu tsare littattafai ne, kada su yage, kada su ɓace. Ba wanda ya faɗa mana cewa littafin da yarinya ta ara yakan kai ga mutanen da ba su taɓa taka makaranta ba. Idan yarinya ta zo muku da tambaya a kan labari, ku ajiye abin da kuke yi ku saurare ta. Wataƙila akwai wata a gida da ke jiran amsar.