Kassoum Mai Tabarau da Tauraronsa

Duk wanda ya saba ratsa layin masu agogo a kasuwar Dantokpa ya san Kassoum mai tabarau, wani dogo marar son magana, kullum yana bayan ɗan teburinsa da gilasai jere a kan farin ƙyalle. Kaɗan ne suka san shekara biyar ya yi a ƙasar Rasha yana karatun tauraro ƙwaya ɗaya.

Haifaffen unguwar Zongo ne. Ubansa mai fataucin shanu ne daga garin Kandi, ya rasu tun Kassoum bai yi wayo ba, yayarsa Assibi ce ta riƙe shi da sana'ar shinkafa da wake, ta kuma ƙi yarda a cire shi daga lakwal, wato makarantar boko. Kai gare shi a lissafi kamar aska. Da soja suka ce ƙasa ta rungumi gurguzu, ƙofar Rasha ta buɗe wa 'ya'yan talakawa, sunansa ya fito cikin masu tafiya a 1975.

A can malaminsa ya ba shi wani tauraro da ke cikin rukunin taurarin arewa, wanda ba shi da ko suna sai lamba, ido ba ya kama shi sai sama ta yi garau. Kassoum ya yi ta auna haskensa a kan farantan hoto na gilashi har sanyi ya farfasa masa yatsu. Abin da ya samu ya jijjiga shi. Wannan ɗan ɗigon ya fi rana faɗi sau goma sha biyu, ya fi ta haske sau hamsin da wani abu, amma fuskarsa ba ta kai ta rana zafi ba, shi ya sa launinsa ya yi ruwan goro. Tsufa ne ya kumbura shi, makamashin da ke tsakiyarsa ya ƙare. Nisa ne kawai ya dusashe shi, don haskensa sai ya yi tafiyar shekara ɗari uku kafin ya iso.

Ya dawo a 1980 da kundin bincikensa da gilashin hange guda biyu naɗe cikin safa. Assibi ta yanka masa zakara, ta jujjuya kundin a hannu, ta ce, "To, Kassoum, wannan abin me yake warkarwa?"

"Ba ya warkar da komai, Yaya. Sani ne."

"Allah ya sa masa albarka," in ji ta, ta mayar masa.

A biro, wato ofishin da ya kai difulomarsa, ba wanda ke karanta Rashanci. Wata bakwai yana sintiri. Ranar ƙarshe mutumin da ke bayan tebur ya ce masa, "Kamarad, juyin juya hali masara yake bukata. Sama tana nan, ba inda za ta." Aka tura shi wata makaranta bayan unguwar Akpakpa, aka ɗora masa kula da gonar rogon ɗalibai.

Bai karaya ba tukuna. Ya samo bututun ruwa a wajen masu gwangwan, ya ɗaura gilasansa a baki biyu, ya kafa a kan rufin ɗakin Assibi. Bayan magariba, in gajimaren teku ya yi masa rangwame, sai ya juya bututun arewa, can ƙasa-ƙasa saman rufin kwanon maƙwabta, ya rubuta abin da ya gani a littafi.

Shugaban kwamitin unguwa a lokacin Muhuyi ne, wanda suka yi aji ɗaya da Kassoum, amma shi bai ci jarrabawar tafiya Rasha ba. Tun da sojojin haya suka sauka a filin jirgi a 1977, kowa a garin yake kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido. Wata Asabar da hantsi Muhuyi ya shigo gidan da mutum biyu masu kaki, ko sallama babu.

"Kamarad, wa kake yi wa ishara da bututun nan?"

"Muhuyi, ni ne fa. Hau ka duba da idonka."

"Ba Muhuyi a nan. Amsa abin da aka tambaye ka."

Assibi ta riƙe rigar Muhuyi tana tuna masa shinkafar da ya ci a gidan nan yana yaro. Ya cire hannunta a hankali, bai dube ta ba.

Kwana ashirin da uku Kassoum ya yi a kaso. Littafinsa suka buɗe masa a gaba, lambobi jere, ga rubutun Rashanci a gefe, suka ce saƙon asiri ne. Ya yi musu bayanin zafi da faɗi da nisa, har ya manta inda yake, murya ta fara tashi kamar yana aji. Mai tuhumar ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Abin da ya fi rana girma, amma ba a ganinsa? Mu ka mayar mahaukata?" Marin da ya biyo baya ne ya kashe masa kunnen hagu.

Da suka gaji suka sake shi, ba laifi ba wankewa. Makaranta ta riga ta ba wani gurbinsa. Gilasan ba su dawo ba, kundin ma haka. Bututun kuwa, da damina ta faɗi, ya gan shi an tsaga shi biyu an yi indararo da shi a gidan Muhuyi. Hanyarsa ta masallaci ke nan, sau biyar a yini, kuma bai taɓa sake hanya ba.

Gilashi kawai hannunsa ya sani, sai ya kafa tebur a Dantokpa. Ya yi aure a makare, ya haifi 'ya mace, Hadiza. Ko sau ɗaya bai taɓa nuna mata sama ba. Assibi ta rasu a 1987, tana cewa da ta sani da shanu ta bar shi ya bi.

A ƙarshen 1989 gwamnati ta ce ta ajiye gurguzu, kalmar kamarad ta ɓace daga bakin mutane cikin mako guda. Ba a jima ba Muhuyi ya tsaya a gaban teburin, ya rame, yana ƙanƙance ido.

"Malam Kassoum, barka da kasuwa. Idon nan ne, ko Alƙur'ani ba na iya gani."

Kassoum ya juya masa kunnen da ke ji, ya sa ya maimaita. Ya gwada masa tabarau guda huɗu, na biyar ya zauna daidai. Muhuyi ya duba takardar gwaji, ya yi murmushi, ya ce, "Abin da ya wuce, zamani ne. Ka san ba ni kaɗai ba ne."

"Kada ka goge shi da bakin riga," in ji Kassoum. "Yana karcewa."

Muhuyi ya tsaya kaɗan ko za a ƙara wani abu, ba a ƙara ba, ya tafi. Kassoum ya naɗe ƙyallensa tun la'asar ba ta yi ba. A gida matarsa ta ajiye masa tuwo, har ya huce bai buɗe kwanon ba.