Godiyar da Na Ƙi Gamawa a Jiwa

Ko na manta shekaruna, waɗanda dama ban taɓa riƙe su daidai ba, ba zan manta ranar da aka yaye mu daga ajin yaƙi da jahilci a Jiwa ba. Lokacin ne gwamnati ke kwaso komatsanta daga Legas zuwa Abuja. Ma'aikatu na ɗaukar masu shara da masu dafa shayi, amma sai wadda ta nuna takardar shaidar ta iya karatu, kuma a makon nan za a rufe ɗaukar. Ni ga marayu a gabana, na gaji da tallar kunu a wuraren gini. Takardar nake so, ba tafi ba.

Kafin ranar, Malamarmu ta koya mana cewa jawabi iri-iri ne. Na maraba shi ne shimfiɗa tabarma. Na shugaban taro yana faɗin abin da ya tara mutane, ko da kowa ya sani. Na babban baƙo ba a katse shi ko barci ya kwashe rabin jama'a. Na godiya shi ne na ƙarshe. "Shi ne ƙyauren taro," in ji ta. "Da an gama shi, kowa ya kama gabansa." Ƙawata, Bagwariya mai sayar da doya, aka bai wa maraba. Ni aka ba ni godiya, Malama tana roƙona in taƙaita, kuma don Allah kada in zagi kowa.

Ranar muka ci ado muka zauna a gindin mangwaro. Babban baƙon wani oga ne da aka dawo da shi daga Legas, takardunmu kuwa suna cikin motarsa. Muka jira, shiru. Ƙawata ta tashi ta yi wa kujerarsa maraba, har da rusunawa. Shugaban taro, wani dattijon gari, ya yi nasa. Rana ta take, ƙanshin dafa-duka na tasowa daga bayan aji, dattijo sai waiwaye yake.

Can ya yafito ni. "Ke 'yar nan, tashi ki yi godiya a ci abinci a watse."

"Baba, takardunmu fa?"

"A kawo muku wata rana."

Na san "wata rana" irin ta ofis, ba ta zuwa. Na karɓi lasifika, zuciyata na tafasa, sai maganar Malama ta faɗo mini. Ashe ƙyauren a hannuna yake.

Na gode wa Allah, na gode wa Baba da Malama. Mutane suka fara laluben takalma. Sai na gode wa kafintan da ya gyara bencinmu, duk da ƙusarsa ta yaga mini zane. Na gode wa wanda ya shuka mangwaron nan, na roƙa masa gafara, dole aka ce amin. Na gode wa mazan da suka bar matansu zuwa aji, na ambace su ɗaya bayan ɗaya, sannan na gode wa waɗanda suka hana, su ma da sunayensu. Na gode wa akuyar da ta cinye littafina na farko, don ita ta sa na haddace baƙaƙe.

"Akuya kuma?" in ji Baba. "Malama, ɗalibarki lafiya?"

Malama ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa don dariya. Amma babu mai iya tashi. Wa zai fice ana cikin gode masa? Duk wanda ya motsa, sai in nuna shi in gode masa da haƙuri, ya koma ya zauna. Ƙawata ta raɗa mini, "Gode wa doya na ma." Na gode wa doyarta.

Muryata ta fara dushewa, ina kan gode wa kakata, sai ga farar mota. Ashe ɓata suka yi, sababbin titunan nan duk kamarsu ɗaya, har Tungan Maje suka kai. Oga ya sako ƙafa ɗaya waje, ya ji ana godiya. Shi ma ya san ƙa'ida, an tashi ke nan. Sai ya mayar da ƙafar.

Na tattaro sauran muryar na ce, "A ƙarshe ina godiya ga mai kwat ɗin can da ke shirin juyawa. Ranka ya daɗe, mun gode da za ka sauko ka ba mu takardunmu."

Duk taro ya waiwaya. Ya sauko. Ƙawata ta zabura ta sake yin maraba tun daga farko, oga ya yi nasa dogon jawabin ya raba mana takardu, Baba ya ci dafa-duka da sanyi yana hararata. Da aka zo rufewa, Malama ta riƙe lasifikar gam, ta yi godiyar da kanta a numfashi ɗaya.

Da takardar nan na dafa shayi a ma'aikata har na yi ritaya, na kuma saurari jawabai ba adadi daga bayan tire. Abin da na koya shi ne, kowane jawabi da aikinsa, kuma kada ki raina wanda aka ba ki don ya zo a ƙarshe. In ƙyaure ne a hannunki, kada ki rufe sai abin da kika zo nema ya shigo.