Kai a Tsefe

Ni makitsiya ce, kuma ba ƙarama ba. A ƙauyenmu na gefen Makoda, in aka ga tsagar kan mace ta miƙe kamar an ja zare, ba a tambayar hannun wa. Amma tun da na fara riƙe kibiyar kitso ban taɓa buɗe baki na ce kitsona kaza ne ba. Haka na tarar uwata tana yi. Mace za ta ɗora kai a cinyata mu sha hira, in na gama ta ɗaga gefen tabarma ta tura abin da ta zo da shi. Ni kuwa in kau da kai, sai ta fita in duba.

Sai ga shekarun da ƙwarin darɓa suka cinye gyaɗa, ruwa kuma ya riƙa ɗaukewa da wuri. Rumbun maigidana ya yi ƙasa. Mata ba su daina zuwa ba, ƙarƙashin tabarmar ne ya canza: yau ɓarin goro, gobe ƙasa zalla. In yini a sunkuye, da magariba yarana su zuba wa murhu ido.

Ƙanwata mai sayar da daddawa a kasuwa ta zo ta ga halin da muke ciki. Ta ce, "Yaya, ke sarauta kike ko sana'a? Ki yanka kuɗi, ki faɗa da bakinki."

Na ce, "Kan mutum ne fa, ba daddawa ba."

Ta ce, "To yau sai ki dafa wa yaran 'sannu da aiki' su ci."

Maganar ta ƙona ni. Na ƙudura duk wadda ta fara shigowa, da ita zan fara. Wa zai shigo in ba ƙawata ba, wadda aka kawo mu garin aure shekara ɗaya. 'Yarta ta haihu, washegari suna. Tun daga ƙofa take tsokana: "Ƙawa, mayar da ni yarinya, kada dangin uban jariri su ce kakar ta kwana biyu."

Ta tuɓe ɗankwali ta kwanta. Na ɗauko kibiya. Na ce a raina bari in tsefe tukuna, maganar kuɗi ta biyo baya. Na tsefe, na taje, gashi ya tashi buzu-buzu, har na ja tsagar farko. Sai a nan, kanta yana kan cinyata, bakina ya buɗe: "Yanzu fa kitso da kuɗinsa, kuma kafin a fara ake bayarwa."

Na ji wuyanta ya sandare a hannuna. Ta tashi zaune, ta kwance bakin zaninta ta karkaɗe a gabana, babu ko anini. Ta ce, "Da kin faɗa tun ina ƙofa, ƙawa."

Na ce, "Haba, wasa nake, kwanta."

"Ba wasa kike ba. Yunwar da ke gidanki ita ce a nawa."

Ta tusa gashin cikin ɗankwali ta fita. A wurin suna ta yini da ɗauri tamau har goshi, ga zafi, mata suna ta ce mata, "Kaka, nuna mana kitson mana." Ni ina can gefe ina jin su.

Kuɗin dai ban janye ba, kuma da shi yarana suka ci tuwo. Abin da na koya shi ne in faɗa tun mace tana tsaye, ɗankwalinta a kanta. Mai shi ta bayar, wadda ba ta da shi mu shirya a kan kwanon dawa ko ta yi mini surfe. Babu wadda ta yi fushi.

Ƙawata ba ta daina gaishe ni ba har Allah ya karɓi ranta. Amma kanta bai sake hawa cinyata ba. Wata makitsiya ta koma wa a ƙetaren rafi, mai karkatacciyar tsaga. In muka haɗu a biki ɗankwalinta ya zame, sai in sunkuyar da kai.