Ƙurar da ke kan dankalin mahaifiyar Meilan

Qiu Meilan matsoraciya ce, duk ofishinmu na birnin Longyan mun sani. Ko shayi za ta zuba sai ta leƙa ƙasan kofin. Aikinta zana iska a kwamfuta. Kafin a ƙera na'urar da ke tace hayaƙin masana'anta, wadda farantanta masu lantarki ke cafke ƙura, ita ke gwada yadda hayaƙin zai ratsa cikinta. Idan ya yi gudu a wani gefe, allo ya nuna ja, ƙura ta tsere ke nan.

Al'adarmu rabin na'ura muke zanawa, tunda dama da hagu iri ɗaya ne, kwamfuta ta cike sauran. Meilan ba ta yarda da haka, muna ta yi mata tsiya. Sau ɗaya tak Manaja Lai ya matsa mata lamba ta bi tamu, kuma aikin na masana'antar siminti ne da ke bakin ƙauyen mahaifiyarta.

Bayan an kafa na'urar aka turo hotuna. Ina kusa da ita lokacin da ta buɗe su. Ashe bututun da ke kawo hayaƙin lanƙwashe yake, daga hagu yake shigowa. Ta sake zana na'urar gaba ɗaya, gefen dama ya fito ja wur. Ta kai wa Manaja, ya ce gyara sai an tsayar da masana'antar a hutun sabuwar shekara. Ni kaina na damu, don na san mahaifiyarta ta daɗe tana tari.

Tun daga nan duk Asabar sai ta tafi ƙauye, ta haye rufin da mahaifiyarta ke shanya yankakken dankali, ta shafa shi da yatsa ko za ta ga ƙura. Kullum tas take samunsa. Har ta koma cin abincin da damuwa ta hana ta, ta ce mini wataƙila iska wani wajen take kai ƙurar.

Wata Juma'a aka tashe mu da wuri, na raka ta. Muka tarar da tsohuwar tsugune a kan rufi da tsumma, tana goge dankalin ɗaya bayan ɗaya tana tari, tsumman ya yi furu-furu. Meilan ta kafa wa tsumman ido.

Tsohuwar ta tura tsumman bayanta ta ce wa Meilan, "A-Lan, ai gobe na sa ran zuwanki. Ban gama ba."