Rigar Duwatsu ta Uwar Madam Hawa

Ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a sana'ar ɗinki ita ce ranar da Madam Hawa, malamar lakwal, wato makarantar boko, ta shigo shagona a bakin kasuwar Filinge da ƙunshin zane a hannu. Lokacin shekarata goma sha ɗaya bisa keke, ina ganin babu tufar da za ta gagare ni.

Ta kwance ƙunshin. Riga ce baƙa ta siliki, doguwa, ba hannu, ba ƙugu. An jere ta da ƙananan duwatsun gilashi tun daga wuya har ƙasa. Da na ɗaga ta sai na ji nauyi kamar tiyar hatsi, kwanon awo cike.

"Ta innata ce," in ji ta. "Dā ungozoma ce a gidan likita na Yamai, da ita take zuwa rawar ma'aikata. Yanzu tana Bonkuku, idonta ya tafi, jiki ya yi rauni. Tana so ta taɓa ta. Ka gyara, Malam Idi, amma kar ka canja komi."

Na ce to, alhali ban gane ba. Ina gyara ba canji?

Ku da kuke koyo, ku riƙe wannan: tsohuwar rigar duwatsu ba a rataye ta, shimfiɗa ta ake yi. Ni ban sani ba, na maƙala ta ga ƙusa. Kafin azahar nauyinta ya yaga kafaɗa guda, zaren da ya riga ya ruɓe ya tsinke, duwatsu sunka watse cikin rairayi. Da rariya na tace su.

Kwana tara na yi kanta. Na sa mata sabon shafi daga ciki, na mai da duwatsun ɗaya ɗaya da allurar hannu, ina bin ramukan tsohon ɗinki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bayanta, a buɗe har tsakiyar gadon baya. Na juya ta gaba, na juya ta baya. Yagewa ce? An ɓata wani ƙyalle ne? Na yanke shawara ni kaɗai, na samo baƙin yadi na rufe wurin.

Madam Hawa ta ce in raka ta Bonkuku. Munka tarar da tsohuwar kwance bisa tabarma. Ta bi rigar da yatsu a hankali, tana murmushi, har ta kai baya. Sai ta tsaya.

"Wanga ba tawa ba ce."

"Taki ce, Inna," in ji ɗiyarta.

"Tawa bayanta buɗe yake. Wa ya rufe?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Ni ne, Inna. Na ɗauka yagewa ce."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ɗana, haka anka ɗinka ta! Da bayan nan baban Hawa ya fara ganina."

Nan na zauna na warware ɗinkin da reza. Ta rungume rigar ga ƙirji. Wata biyu bayan haka Allah ya yi mata rasuwa.

Har yau ban gane dalilin da za a zuba aiki mai yawa haka bisa riga a bar bayanta tsirara ba. Amma na koyi cewa tela ba ya gyara abin da bai tambaya ba. Kowace tsohuwar tufa da mai ita. Ku nemi bakinsa kafin ku zura zare.